Kan tsohuwar Suzukina da masu cewa in ƙara mata ƙarfe

Tun ranar da na sa hoton motar nan saƙonni ke ta shigowa, wannan yace Malam ka ɗaga ta sama mana, wancan yace ka sa mata manyan tayoyi, wani ma har hoton wata ya turo min daga ƙasar waje an yi mata bamba mai kauri gaba da baya an dasa fitilu reras a kai, yace haka ya kamata tawa ta koma tunda ina da injin walda a gida. To na ga gara in zauna in yi bayani sau ɗaya, don abun yana damuna ba kaɗan ba, kuma ba don motata kaɗai ba, don yaranmu da suke tasowa da sha'awar aikin ƙarfe ne, waɗanda suke ɗauka yawan ƙarfe shi ne iya aiki.

Motar dai Suzuki SJ413 ce, wadda wasu suka fi sani da Samurai. Na same ta a bayan gidan wani dattijo ta yi shekaru a ajiye, tayoyi sun zauna, kaji suna kwana a ciki, ƙasan wurin direba kuwa in ka leƙa kana hango ƙasa ta ramin da tsatsa ta ci. Mutane da yawa sunce min kuɗin gwangwan kawai zan yi asara. Ni kuma abun da na gani daban ne, gonarmu tana can cikin fadama, daga tsakiyar damina hanyar ta zama taɓo, babbar mota in ta shiga sai an nemo tarakta, babur kuma buhu nawa zai ɗauka? Ita wannan nauyinta gaba ɗaya bai kai tan ɗaya ba. In ta kafe, samari huɗu sun isa su turo ta. Duk sirrinta kenan, rashin nauyi, kuma mutanen Japan da suka ƙera ta da gangan suka yi haka. Kakarta da suka fara fitarwa a 1970, LJ10, injinta cc 359 ne kacal, bai fi na wani babur ɗin ba sosai, amma tana da giyar taimako tana jan ƙafa huɗu. Ita SJ413 ta fito a 1984 da inji mai lita 1.3, ƙarfinsa doki sittin da 'yan kai. Doki sittin fa jama'a. Duk wanda zai ce in ɗora mata ƙarfe ya fara riƙe wannan lissafin a kansa tukunna.

Ni ɗan gidan maƙera ne, a gaban uwar maƙera na tashi, ina jan zuga-zugi tun hannuna bai gama kai wa ba. Baba Allah ya jiƙansa da tsohon sifirin mota yake yin gatari da fartanya da adda, kuma tun a lokacin na san abu ɗaya da har gobe nake mamakin yadda wasu masu walda ba su san shi ba, wato ƙarfen sifirin in wuta ta taɓa shi halinsa ya canza. Baba yakan sa shi a wuta ya yi ja, ya buge shi yadda yake so, sannan ya tsoma shi ya dawo masa da tauri, yana kallon launin da ke gudu a jikin ƙarfen kafin ya yanke hukunci. To kai da ka ɗauko sifirin mota ka hura masa wutar gas don ka ƙara masa lanƙwasa motar ta ɗaga, ko ka ɗinke wanda ya karye da walda ka shafa baƙin fenti, me kake tsammani zai faru ranar da ta faɗa rami da kaya a kai? A wannan motar sifirin ba laushi kawai yake bayarwa ba, shi ke riƙe da aksul ɗin, wato sandar ƙarfen da tayoyi suke jikinta, a mazauninsa. Babban gashin, wato fallen da ya fi tsawo a cikin sifirin, ya ɓalle, taya ta ja baya, sitiyari ya ƙwace.

Kuma na ga irin wannan aikin a jikin tawa. Da na kwance gabanta na wanke da kananzir, sai ga sandar da ke haɗa tayoyin gaba da sitiyari an taɓa yanke ta an haɗa da walda, an goge wurin da gurainda an shafa masa giris don kar a gane. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ban san wanda ya yi ba, ban kuma san mutum nawa suka hau motar nan a haka ba, mata da yara, zuwa biki ko asibiti. Ban tsaya wata shawara ba na cire ta na sare ta biyu don kar wani ya tsinta a gwangwan ya sake sayarwa, na bi kasuwar Kofar Ruwa ta Kano rumfa rumfa har na samu ta asali. Sati uku na yi ina nema. Ra'ayina a nan ba ya lanƙwasuwa, kayan sitiyari da birki da sifirin ba a ɗinke su a tsakar gida, ko kai waye a walda, sai dai a canza.

Inda aikin hannu yake da gaske shi ne shasi da bodi, kuma a nan na fi daɗewa. Na ɗaga bodin gaba ɗaya da taimakon maƙwabta muka ɗora shi a kan durom huɗu, shasin ya fito fili kamar tsani an kwantar. Na ɗauki ƙaramar guduma ina bi ina ƙwanƙwasawa taku taku. Wuri mai lafiya ƙararsa tas take fita, wurin da ya ruɓe kuwa sai ka ji buf, kamar ka bugi busasshen ƙwarya mai tsagu. A baya kusa da inda sifirin yake rataye gudumar ma shigewa ta yi, da na buɗe wurin busasshen taɓo na dinga kwasowa da hannu, ya fi kwano biyu, shekara da shekaru yana ciki yana shan ruwa yana cin ƙarfen ta ciki alhali waje fenti lafiya lau. Ɗan yayata da yake tayani yace Kawu mu ɗora faranti a kai kawai mu rufe mana. Nace masa a'a yaro, in ka rufe tsatsa ba ta mutu ba, ɗaki ka gina mata. Muka yanke duk inda ya ci har sai da muka kai ƙarfe mai sheƙi, yankan ma ba a tsaye ba, a karkace, don walda da ta tsaya cak daga sama zuwa ƙasa a jikin shasi nan tsagewa take farawa. Na fara yin fasalin da kwalin indomi, na gwada na rage na sake gwadawa, sai da ya zauna daidai sannan na zana shi a faranti mai kaurin milimita 3. Aka ɗinke, aka goge, sannan na ɗora wani ƙaramin faranti mai kusurwa huɗu a karkace ya haye haɗin don nauyin ya bazu. Kafin duk wannan sai da na ɗaure shasin da angul a gicciye, ina auna kusurwa zuwa kusurwa da tef bayan kowace 'yar walda, saboda zafi yana jan ƙarfe, in ka yi gaggawa ka zuba wuta wuri ɗaya za ka gama ka tarar mota tana tafiya a kaikaice kamar kare.

Kar wani ya ɗauka komai ya tafi min daidai. Maratayin sifirin na farko da na yi, bayan fita biyu na duba na ga siririn layi a gefen waldar, ta tsage. Laifina ne, wutar ranar ba ta da ƙarfi, injin yana ta liƙewa, na daure na ci gaba don ina so in gama, waldar ta hau sama ta yi kyau a ido amma ba ta ci ƙarfen ba. Na sare ta duka, na yi hayar babban janareta na kwana ɗaya, na sayo sandar walda 7018 maimakon 6013 da muka saba da ita a aikin ƙofa da taga, na ajiye ta inda danshi ba zai taɓa ta ba don ita ba ta son laima ko kaɗan, na yi ta gwaji a guntayen ƙarfe ina bugunsu da masaba har sai da na ga ƙarfen ne ke lanƙwasawa ba waldar ke ɓallewa ba. Bodi kuwa fale-falen ƙarfe ne, wajen milimita ɗaya, walda irin ta get hudawa kawai take yi, shi yasa na kira wani tsohon mai gyaran bodi ya zo da tukunyar gas ɗinsa muka yi ƙasan tare. Sai da na sauke tankin mai na kai shi can bayan gida na cire kan batir kafin a kunna wuta, kuma ina roƙon duk mai karantawa da Allah kar ya raina wannan, tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari don tururin ne ke fashewa.

To yanzu mu dawo kan ɗagawa da manyan tayoyi. Motar nan gajera ce, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2 ne da ɗan ɗoriya, ga ta siririya ga tsayi sama. Ko a yadda kamfani ya fito da ita sai da aka yi rigima a Amurka, a 1988 mujallar Consumer Reports ta ce tana saurin kifewa in aka karya kwana da gudu, cinikinta ya faɗi, Suzuki suka kai ƙara kotu, sai a 2004 aka sasanta. Ko ma wa ke da gaskiya a cikinsu, abun da hankali ya yarda da shi shi ne duk yadda ka ƙara mata tsawo ka ƙara kusantar da ita ga kifewa. Ka mayar da sifirin saman aksul ta ƙara ɗagawa, ka ɗora kariyar ɗaukar kaya mai nauyi a rufi, ka loda buhun shinkafa can sama, sannan ka hau kwalta ka haɗu da akuya a kwana. Su waɗanda kuke gani a bidiyo suna hawa duwatsu, da yawansu a tirela suke kai motar wurin wasan, sun canza giya sun canza aksul sun ɗaura bel sun sa hular kwano. Na san labarin 'yan Chile biyu da suka hau dutsen Ojos del Salado da Samurai a 2007 har tsayin mita 6,688, abun burgewa ne ƙwarai, amma don wannan aikin suka shirya tasu. Tawa taki za ta kai gona ta dawo da amfani, wani lokacin da iyalina a ciki.

Manyan tayoyi su ma haka. Taya mai inci 31 a kan doki sittin, giya ta biyar ta zama ado, kuloci yana ƙonewa, birki ya rage kamu, mai ya ƙara tafiya, ƙananan haɗin da ke cikin aksul na gaba su fara ƙara har su fashe a inda babu mai taimakonka. Ni mataki ɗaya kawai na ƙara a kan girman asali, na zaɓi mai manyan haƙora don taɓo, shikenan. Bamba na yi sabo, amma da siririn bututu mai kusurwa huɗu, hannu ɗaya nake ɗaga shi, na yi masa kunnuwa biyu na ja waɗanda suka kama shasi kai tsaye da noti masu ƙarfi. Na sa faranti a ƙarƙashi yana kare akwatin giyar taimako daga kututture. Na mayar da mashaƙar iska sama saboda rafin da muke ƙetarawa. Duk abun da zan ɗaura sai na ɗora shi a sikelin buhu na rubuta nauyinsa a bangon gareji da alli, in ban ga aikin da zai yi min a fadama ba ya koma gefe.

Abun da ke ci min rai shi ne mun iya aikin hannu. Ka shiga kasuwar Panteka a Kaduna ka ga abun da mutane ke fitarwa daga ƙarfen da aka zubar, injin niƙa, injin casar masara, kayan da in ba a gabanka aka yi ba za ka rantse daga waje suka zo. Indiya sun ɗauki irin motar nan tun 1985 suka yi ta ƙerawa da sunan Maruti Gypsy sama da shekara talatin, sojojinsu da 'yan sandansu suna aiki da ita, mu kuma namu tsofaffin muna sarewa muna sayarwa a kilo. Wanda ya tsira daga gwangwan kuma sai ya faɗa hannun mai son ado ya lafta masa ƙarfe har ya kasa aikin da aka yi shi dominsa. Ni so nake yaron da ke koyon walda ya iya tsayawa ya ce wa mai mota Alhaji wannan zan yi maka, wannan kuma ba zan taɓa ba ko nawa za ka biya, ya kuma iya faɗin dalili.

Saura min kejin kariya na ciki, wato ƙarafan da ke kare mutane in mota ta kife, kuma na ƙi yarda in yi shi da fayif ɗin ruwa duk da shi ne mai araha, don ba a yi shi don ɗaukar bugu ba, sannan dole ƙafafunsa su sauka har kan shasi ba kan fale-falen ƙasan mota ba. Na yi magana da wani a Kano zai duba min bututu mai kauri marar ɗinki, in ya samu sai in nemi inda zan ari injin lanƙwasawa. Kafin nan ba na wuce gudun sittin da ita a kwalta, yara kuma ba sa hawa baya. Jiya da yamma ta fito da buhu huɗu daga fadama bayan ruwan da aka kwana ana yi, da muka iso gida na shiga ƙarƙashinta da tocila na bi waldar nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga tsagu ba.