Takardar shaida ba ita ce ma'auni ba

Wani labari ya yaba wa wata kwalejin noma kan sababbin kwasa-kwasan da ta buɗe da malaman da ta ware don ba ɗalibai shawara, kuma sun cancanci yabo, sai dai an auna nasarar da yawan masu karɓar takardar shaida kawai. Yawancin yaran da ke shiga kwalejin noma a karkara sun san gona tun suna ƙanana. Inda suke tuntuɓe shi ne lissafi da ilimin sinadarai a shekarar farko, alhali in babu su ɗalibi ba zai iya auna tsamin ƙasa ko lissafa takin da hekta guda ke buƙata ba. Darasin ƙari da yamma a waɗannan fannoni ya fi sabon kwas amfani nesa ba kusa ba. Ga kuma batun lokaci: in jarrabawa ta faɗo daidai shuka ko girbi, yaron da gidansu ke jiran hannunsa gona zai nufa, kuma wannan ba ragwanci ba ne. Malam da ka yi tsokaci a kan labarin cewa ɗaliban yanzu ba sa son aikin hannu, ka yi haƙuri, ban yarda ba. In tarakta ɗaya ce ga aji guda, ita ma a kwance, a ina za su koya? Shin kwalejin ta bibiyi waɗanda suka kammala shekara 3 da suka wuce, ta ga nawa ne suka samu fili da jarin fara nasu noman?