Kun sa mun sayi kalkuletar giraf, to wa zai koya wa yaran?

Makarantar sakandare ta aiko wa iyaye takarda cewa dole kowane ɗalibi ya zo da kalkuleta mai zana giraf. Ƙaramar nan ta kimiyya ba ta wadatar ba, har samfurin da ake so aka rubuta. Mun saya. Kuɗinta ya kai na wata wayar hannu, amma muka danne zuciya muka biya tunda an ce karatun yara ne. Abin da ya tunzura ni, kuma nake so malaman lissafi da na kimiyya su ji da kunnensu, shi ne tun ranar da aka tabbatar kowa ya saya, babu wanda ya sake ɗaga zancenta. Ko darasi ɗaya ba a ware mata ba. An danƙa wa yaro na'ura mai maɓallai kusan hamsin, yawancinsu da aiki biyu ko uku a ɓoye, aka bar shi ya yi ta lalube. Ranar jarrabawa kuma a zabtare masa maki, a rubuta a rahotonsa wai ba ya mai da hankali.

Ku ɗauki zancen digiri da radiyan kawai, wato hanyoyi biyu na auna kusurwa. Duk yaron da ya zauna a ajin lissafi ya san sin 30 rabi ne, 0.5. 'Yata ta sani, ta haddace shi tun kafin a saya mata na'urar. Amma idan kalkuletar tana kan radiyan, abin da za ta fito da shi shi ne −0.988. Ba ta yi ƙarya ba, tambayar da aka yi mata ce daban: kusurwa mai radiyan 30, ba digiri 30 ba. Yarinya ta ga amsa a fuskar na'ura mai tsada wadda malami da bakinsa ya ce a saya, sai ta yi watsi da abin da ke kanta ta kwafe na na'urar. A fiziks, inda ake raba ƙarfi zuwa na tsaye da na kwance, wannan kuskure ɗaya ya isa ya rusa tambaya tun daga layin farko har ƙarshe.

Abin haushin bai tsaya nan ba. A irin su kalkuletar TI-84, idan aka goge ma'adanar na'urar, saitin kusurwa yana komawa radiyan da kansa. Yaushe ake gogewa? A bakin ɗakin jarrabawa, don kada wani ya shigo da amsoshi a ciki. Wato yaron da ya yi ƙoƙari ya saita tasa kan digiri tun a gida, mai tsaron jarrabawa ya karɓa ya goge ya miƙa masa, ya shiga ya zauna bai san an sauya masa komai ba. Ban ce kada a goge ba, satar amsa ba abin wasa ba ne. Amma me zai hana wanda ya goge ya ɗaga murya ya ce, yara, kowa ya duba saitin kusurwarsa? Jimla ɗaya ce fa. Ko kuwa shi ma bai sani ba? Idan bai sani ba, ashe matsalar ta fi yadda nake zato girma.

Sai maɓallan debewa guda biyu. Akwai na cire wata lamba daga wata, akwai kuma na nuna lamba tana ƙasa da sifili. A ido kusan iri ɗaya ne. Yaro ya danna wannan a madadin wancan, na'ura ta watso masa saƙon kuskure, ERR:SYNTAX, ya zauna yana kallonta minti yana tafiya. Ya rubuta −3² yana jiran 9, ta ba shi −9, saboda sai ta ninka 3 da kanta kafin ta ɗora alamar. In yana son 9 sai ya sa −3 ɗin cikin baka. Wannan ka'idar lissafi ce mai kyau, kuma da malami ya tsaya a kanta minti goma da yaran sun ƙaru da wani abu na gaske. Ba a tsaya ba.

A kemistiri kuwa abin sai addu'a. Ka ce yaro ya raba 1 da lambar Avogadro, 6.02 × 10²³. Ya danna yadda yake gani a littafi, 1 ÷ 6.02 × 10²³, ba baka. Na'ura ta raba tukuna sannan ta ninka, ta ba shi 1.66 × 10²². Amsar gaskiya 1.66 × 10⁻²⁴ ce. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazarar da ba ta misaltuwa, amma da yake lambobin gaba sun yi daidai, 1.66, sai ya ji hankalinsa ya kwanta. Akwai maɓalli na musamman da aka tanada don rubuta irin waɗannan lambobi a dunƙule, wanda zai kawar da wannan kuskure gaba ɗaya. Malamin kemistiri yana ganin koyar da shi aikin malamin lissafi ne, malamin lissafi yana ganin ai a kemistiri ake bukatarsa. Tsakanin su biyun yaro ya faɗi.

Shi kansa zanen giraf ɗin, wanda dominsa aka sa muka kashe kuɗin, yana da nasa tarkon. Na'urar tana buɗewa ne da taga daga −10 zuwa 10 a kwance da a tsaye. Ka sa mata y = x² + 50, ka danna zane, fuska ta fito fayau babu komai, domin layin yana can sama da inda take kallo. 'Yata ta taɓa kawo min ita tana cewa, Baba, ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Ka zana da'ira a wannan taga ta fito a miƙe ta gefe, saboda faɗin fuskar ya fi tsayinta. Ka zana 1 ÷ (x − 2) a tsofaffin samfura, sai ta ja wani layi kusan a tsaye daidai wajen 2, ta haɗe ɓangarori biyu da bai kamata su haɗu ba, yaro ya kwafe shi tsaf a takardarsa a matsayin ɓangaren zanen. Ka ce ta nemo inda layi ya taɓa sifili, wani lokaci ta rubuta 1E−13, wanda a wajenta sifili ne da ɗan ƙurar lissafi, shi kuwa ɗalibi ya ɗauka amsa ce ya rubuta. Na san mai karatu zai ce ai duk wannan yana cikin littafin bayanin na'urar. Yana ciki, cikin shafuka ɗaruruwa. A nuna min ɗan shekara goma sha biyar da zai zauna ya karance su ga jinga ta darussa barkatai tana jiransa.

Kuma mu faɗi gaskiya game da abin da muke saya. Casio ce ta fara fitar da kalkuleta mai zana giraf a 1985. Texas Instruments ta fito da TI-81 a 1990, sai TI-83 a 1996, sai TI-84 Plus a 2004. Ita TI-84 Plus ɗin fuskarta ɗigo 96 ne a kwance, 64 a tsaye, ba launi, kuma ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da ita daga zuriyar Z80 ce, wadda ta fito tun 1976. Sai a 2013 aka samu TI-84 mai launi da batirin caji, sannan TI-84 Plus CE a 2015. A ɗaya gefen ga manhajojin zana giraf, GeoGebra tun 2001 da Desmos tun 2011, kyauta, a waya ko a kwamfuta, ka ja zanen da yatsa ka ga inda ya ɓuya nan take. Har jarrabawar SAT ta neman shiga jami'a a Amurka, da ta koma kan kwamfuta, Desmos aka saka a cikinta. Na fahimci dalilin da makarantu ke manne wa ta hannu: ba ta shiga intanet, ba a tura saƙo da ita, tana jure faɗuwa. Dalili ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Amma duk wanda ya zaɓa wa yara kayan aiki mai wuyar sha'ani saboda sauƙin tsaron jarrabawarsa, to nauyin koyar da shi ya hau kansa. Yanzu dai kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na je na sami malamin lissafin cikin mutunci. Na ce, Malam, don Allah ko darasi ɗaya ne a ba yaran nan a kan na'urar. Ya ce manhajar karatu ta cika, lokaci ba ya isa, kuma ai yaran zamani sun fi mu iya danne-danne. Wannan magana ta ƙarshe ce ta fi ƙona min rai. Iya latsa waya daban, sanin cewa wata kalkuleta tana ɗaukar 6 ÷ 2(1 + 2) ta ba da 9 wata kuma ta ba da 1 daban. Yara biyu a benci ɗaya, samfuri daban-daban, amsa daban-daban, kowa yana rantsuwa tasa ce daidai, kuma babu babban da ya taɓa gaya musu cewa kamfanoni sun sha bamban a kan wane aiki ake fara yi idan aka jera lamba da baka ba alamar sau a tsakani. Idan manhaja ta cika har ba ta da gurbin minti arba'in na wannan, da wane dalili aka sa na'urar cikin jerin abubuwan dole?

Yanzu ƙanen 'yata ya kusa shiga ajin, kuma sabuwar takardar da aka aiko ta ce mai launi ake so, ta yayarsa ba za ta yi ba. Na mayar musu da amsa a rubuce: a nuna min a jadawalin darussa ranar da za a koya wa yara saitin kusurwa, da taga, da baka, da sunan malamin da zai yi, sannan mu yi maganar saye.