Wanda ya dawo fili da wanda ya warke ba ɗaya ba ne

Da zarar an ce an yi wa ɗan wasa aiki a gwiwa, kowa tambayarsa ɗaya: yaushe zai dawo? Ba mai tambayar wane irin aiki aka yi masa, alhali amsar tana nan. Ni abin ya jima yana cina, musamman in na ga ana zagin yaro wai rago ne, wai albashi kawai yake ci, don ya yi wata shida bai taka ƙwallo ba.

Guringuntsin gwiwa iri biyu ne. Akwai mai santsin nan da ya lulluɓe bakin ƙashi, akwai kuma meniskos, guda biyu masu kama da jinjirin wata, da ke zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri suna shanye nauyi. Matsalar ita ce jini ba ya isa wurin sosai. Mai santsin ba shi da jijiyar jini sam, shi kuwa meniskos gefensa na waje ne kawai ke samu. Abin da jini ba ya zuwa kuma ba ya warkewa kamar tsoka ko ƙashi, shi ya sa wani zai karye ya ɗoru ya koma wasa, mai gwiwa na nan yana ɗingishi.

To in meniskos ya yage, likita ko ya datse inda ya yagen ya cire, ko ya ɗinke. In an datse, cikin 'yan makonni mutum ya fara gudu. Luis Suarez aka yi wa haka a watan Mayun 2014, wata guda bai cika ba ya zura wa Ingila ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya. Kafinsa ma Franco Baresi na Italiya ya yi a 1994, an yi masa aiki ana tsakiyar gasa kuma ya buga wasan ƙarshe da Brazil. Djokovic ɗan wasan tanis ma a 2024, aiki a watan Yuni, Yuli yana wasan ƙarshe na Wimbledon. Irin labaran da muke so kenan, sai mu ɗauke su mu mai da su ma'auni muna auna kowa da su. Amma abin da aka cire fa ba ya sake tsirowa, ƙashi zai ci gaba da matsar ɗan'uwansa, kuma ciwon gaɓa na iya biyo baya lokacin da mu masu tafi mun daɗe da mantawa da sunan mutum.

Ɗinki kuwa watanni yake ci, kuma ba tabbas zai kama. Ku duba Ansu Fati, ya ji ciwon a Nuwamban 2020 yana ɗan shekara 18, aka ce wata huɗu, ƙarshe sai da aka shiga gwiwar fiye da sau ɗaya, bai dawo ba sai Satumban 2021. Ranar da ya dawo ya ci ƙwallo, kowa ya ce shi kenan ya warke. Ina! Kowa ya ga yadda raunuka suka yi ta bibiyarsa bayan nan.

Wannan duk meniskos ne ma. In mai santsin ne ya ɓantare, nan ake yin ta. Akwai dabarar da likita Richard Steadman na Amurka ya shahara da ita, a huhhuda ƙashin da ke ƙarƙashi don jini da ɓargo su fito su cike gurbin. Yana cikewa kam, sai dai abin da ke fitowa kamar tabo ne, bai kai na asali ƙwari ba. Amar'e Stoudemire na ƙwallon kwando an yi masa a 2005, ya yi gaggawar dawowa ya buga wasa uku aka sake ajiye shi, sai kaka ta gaba ya dawo da ƙarfinsa. Akwai kuma wadda likitocin Suwidin suka fitar da sakamakonta a 1994, a ɗebi ƙwayoyin guringuntsin mutum a raine su a ɗakin gwaji a mayar masa, aiki biyu kenan, kuma komawa fili kan kai shekara ko fiye.

Ni kaina an taɓa datse mini na gwiwar dama, ba ɗan wasan kirki ba ne ni, ƙwallon motsa jini ce kawai. Abin da ya fi ba ni tsoro ba ciwon ba ne, cinyar ce, cikin sati biyu ta zube ta koma kamar ba tawa ba. Ranar da na fara buga ƙwallo na ji garau, na yi ta murna, washegari gwiwa ta kumbura suntum, saukowa daga bene sai da na dafa bango ina sauke ƙafa ɗaya-ɗaya. Mai gashin ƙashi da ke duba ni dariya kawai ya yi, ya ce ai ba ranar wasa ake tambayar gwiwa ba, washegari ake tambayarta. Wani abu kuma da ba ya fitowa a hoton asibiti shi ne fargaba, ka ga ƙwallo a tsakani, zuciya na so, ƙafa ta noƙe da kanta.

Tun daga nan nake kallon Ledley King da wani ido. Mutumin nan kusan ba sauran guringuntsi a gwiwarsa ta hagu, yawancin mako ba ya atisaye da 'yan ƙungiya, daga ɗakin motsa jiki sai ninƙaya, ranar wasa ya fito ya tare manyan 'yan gaba a Tottenham, a tashi gwiwa ta kumbura. A 2012 ya ajiye takalmi yana da shekara 31. In ka duba takarda za ka ga ai yana buga wasa, wai ya dawo kenan, ni kuwa da na san yadda bene yake washegari, ban san yadda ya yi shekaru a haka ba wallahi.