Ku masu ɗura harsashi da hannu, don Allah ku daina bin gudu

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku samari da kuka shigo harkar harbin saiti kwanan nan, kuka sayi injin ɗuri da sikeli kuna ganin shi ke nan an gama. Maganata da masu lasisi nake, a inda doka ta yarda mutum ya ɗura harsashinsa da kansa, don akwai ƙasashen da ko albarushi ba ka isa ka ajiye ba sai da takarda, wanda dokar ƙasarsu ta hana to wannan zancen ba nashi ba ne, ya bi doka kawai.

Abin da ke damuna da ku shi ne tambayarku guda ɗaya ce kullum, wai nawa ne gudunsa. Ba mai tambayar a ina harsashin ya sauka, ko guda goma sun taru wuri ɗaya ko sun watse, a'a, kowa so yake a ce nashi ya fi na kamfani gudu. Daga nan sai a fara ƙara albarushi kaɗan kaɗan har a wuce abin da littafi ya ce, wai ai bindigata tana ɗauka. Tana ɗauka ɗin, har ranar da za ta ƙi, kuma ranar fuskarka ce a jingine da ita.

Ku san abin da kuke wasa da shi mana. Harsashin .308 Winchester, wanda ya fito tun 1952, iyakar matsin da SAAMI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta sa masa shi ne psi 62,000, wato nauyin fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma duk wannan ƙarfin yana tashi ne a ɗan wurin da bai kai tsawon yatsa ba, kusa da idonka. SAAMI ɗin tun 1926 take wannan aikin, Turai kuma suna da tasu CIP tun 1914, su suna da na'urar auna matsi ta gaske, kai ba ka da ita. Abin da kake da shi littafin ɗuri ne, na kamfanin Hornady ko Sierra ko Lyman ko teburin da masu yin albarushin suka fitar, irin su Hodgdon da Vihtavuori. Ka fara daga adadin farko da suka rubuta, in iyaka kawai suka bayar to ka rage kashi 10 cikin 100 ka fara daga nan, kana hawa a hankali kana duba kowane kwanso, wato ɓawon ƙarfen da ake zuba albarushi a ciki. Adadin da wani wanda ba ka sani ba ya rubuto maka wai shi ne sirrinsa, ka bar masa abinsa, ba ka san bututun bindigarsa ba, ba ka san kwansonsa ba, ba ka ma san ko yatsarsa ta zame wajen rubuta lambar ba.

Kuma albarushi ba a yi masa kallon suna. Akwai H4350, akwai IMR 4350, akwai Accurate 4350, lamba ɗaya amma kowanne da yadda yake ci, kowanne da teburinsa. Mafi muni shi ne albarushin ƙaramar bindiga ya shiga kwanson babba, wannan mai saurin ci ne sosai, in ka cika kwanson raifil da shi ba alamar gargaɗi za ka gani ba, ƙarfe ne zai tarwatse. Shi ya sa gwangwani ɗaya tak ake ajiyewa a kan tebur lokacin aiki, ka gama ka juye ragowar cikin gwangwaninsa na asali ka rufe, sannan ka ɗauko wani. Kar ka bar shi ya kwana a cikin ma'auni kana cewa ai zan tuna, ba za ka tuna ba wallahi. Sannan ko iri ɗaya ne in ka sayo sabon gwangwani mai lambar rukuni daban, ka ɗan sauka ƙasa ka sake hawa.

Awon ma da giren ake yi, giren 7,000 ne a fam ɗaya, wato giren ɗaya bai wuce giram 0.065 ba, 'yan ƙwayoyi ne da za ka iya ƙirgawa a tafin hannu. To mutumin da ke aiki da irin wannan awon ne zai kunna fanka a kansa, waya a kunne, yana hira yana zuba? Iskar fanka kaɗai tana motsa sikeli. Ka gwada sikelinka da ƙarfen gwaji kafin ka fara, in ka gama zubawa kuma ka jera kwansunan a faranti ka haska tocila ka leƙa su ɗaya bayan ɗaya, ka ga duk albarushin ya tsaya daidai wuri ɗaya. Wanda babu komai a ciki shi ma bala'i ne, firama, wato 'yar hular da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, ita kaɗai tana iya tura kan harsashi ya maƙale a tsakiyar bututu, in ka ji ƙara ta fita wata iri mara ƙarfi ka tsaya, ka cire sakatar bindigar, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a ciki, ka leƙa bututun kafin ka sake sa wani.

Yanzu maganar zaɓen kaya, inda kuka fi ɓarnar kuɗi. Kan harsashi shi ne farko, kuma ba wanda ya fi tsada ko ya fi kyau a hoto ake nema ba, wanda ya dace da murɗin bututunka ake nema. Cikin bututu akwai zane a murɗe da ke sa harsashi juyawa, in an ce 1:12 ana nufin juyi ɗaya a inci 12. Bindigar .223 mai 1:12 tana riƙe kai mai giren 55 lafiya lau, amma ka sa mata dogon nan mai giren 77 sai ka ga ramin da ya yi a takarda a kwance, ya shiga ta gefe, don shi yana son 1:8 ko 1:7. Mutum zai yi ta canza albarushi yana zagin madubin saitinsa alhali tun a kanti ya sayo matsalar.

Kwanso kuma kar ka gauraya. Na kamfanin Lapua daban, na Winchester daban, na soja na 7.62, wato takwaran .308, galibi ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta, don haka adadin da ya zauna lafiya a wani kwanson zai iya haura matsi a cikinsa. Tsince-tsincen kwanso a filin harbi ba tattali ba ne in ba ka san sau nawa aka ɗura shi ba. In ka leƙa ciki ka ga rami biyu a gindi to na Berdan ne, ka ajiye shi gefe kar ka karya allurar injinka, mai rami ɗaya a tsakiya shi ne Boxer wanda ake sake ɗurawa cikin sauƙi. Sunayen waɗanda suka ƙirƙiro su ne, abin dariya ma Boxer ɗin Bature ne ɗan Ingila amma Amurka ce ta rungumi nashi, Berdan ɗan Amurka kuma nashi ya fi yaɗuwa a Turai. Firama dai ka tsaya a kan irin da littafi ya ambata, in ka canza, musamman zuwa magnum mai ƙarfin wuta, ka rage albarushi ka koma ƙasa.

Duk harbi kwanso yana ƙara tsawo, na .308 in ya wuce inci 2.015 sai an datse, in ba haka ba bakinsa zai cushe ya matse kan harsashin matsi ya tashi. Ka samu ɗan siririn waya ka lanƙwasa bakinsa, ka zura cikin kwanson kana karta bangon kusa da gindi, in ka ji ya faɗa wani ɗan kwari, ko ka ga zobe mai ƙyalli ta waje a daidai wurin, wannan kwanson ya kusa rabuwa biyu, matse shi da filaya ka jefar. Haka in ka harba ka ji sakata ta yi tauri wajen ɗagawa, ko firama ta baje ta cika raminta ba sauran lanƙwasa a gefenta, ko ka ga wani ɗan tabo mai sheƙi a kan rubutun gindin kwanso, ka riga ka wuce gona da iri, ba wai ka kusa ba. Kuma rashin ganin alama ba shaida ba ce cewa kana lafiya. Ga zafi, abin da ka gwada da sanyin safiya yana iya zama wani abu daban in harsashin ya sha rana.

Sai wannan ɗabi'ar ta harba uku, su haɗu, a ɗauki hoto a ce an samo. Uku ba ta nuna komai, sa'a ma tana haɗa uku. Harba goma, ka bar bututu ya huce tsakani, ka dawo wata rana ka maimaita, in yana zama cikin MOA ɗaya, wato wajen milimita 29 a mita 100, to kana da abin kirki ko da na abokinka ya fi shi gudu. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ka taɓa albarushi kar ka taɓa zurfin zaman kan harsashi, kuma ka sani matso da shi har ya taɓa zanen bututu yana ƙara matsi. Komai ka rubuta a littafi, irin kwanso, firama, albarushi da lambar rukuninsa, nauyi, tsawo, yanayin ranar.

Tabaran kariya dole ne ko firama kawai kake sawa, firamomin kuma a bar su cikin farantinsu na kamfani, kar a juye su a kwalba. Akwai dalma a cikin yawancin firama da ƙurar da ke fita wajen wanke kwanso, ka wanke hannu kafin ka ci abinci, yara kuma kar su shigo wurin. Harsashin da wani ya ɗura kar ka sa a bindigarka ko amininka ne, naka ma kar ka ba kowa, kuma duk akwatin da ka tarar ba takarda a jikinsa, ko kai ka ɗura shi, ka zare kawunan ka zubar da albarushin ka sake daga farko.