Yaga Littafin Zane Ba Ya Koya Wa Yaro Lissafi

Jiya na wallafa labarin yadda wani malamin makaranta ya yaga littafin zanen ɗan ƙanwata. Abin da malamin nan ya yi wa ɗan ƙanwata zalunci ne, kuma jahilci ne da aka sanya wa rigar tarbiyya. Yaro ɗan shekara 13 ya shafe watanni yana cika littafinsa da zanen ƙofofin gari da dagi da kayan dawakin hawan sallah, ba a lokacin darasi ba, a lokacin tara, amma aka yayyaga littafin a gaban 'yan ajinsu, wai don zane ba ya kai mutum ko'ina. To madalla, Malam, Allah ya ƙara basira! Yanzu sai mu zuba ido mu ga yadda lissafi zai shige kan yaron da kansa, tunda an kawar da abin da ya tare masa hanya.

Ina roƙon Malam ya laluba aljihunsa ya ciro takardar naira 20, ya juya bayanta. Matar da zai gani tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda ba ta yi karatun boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977 saboda aikin hannunta. Jami'ar nan kuwa tana da sashen koyar da zane da sassaƙa, inda ake zama a yi shekaru ana karantar abin da Malam ya ɗauka shiririta ce. Ko a makarantar allo ma, wa ya taɓa ganin an yi saukar Alƙur'ani ba tare da an ƙawata allo da zayyana ba? Hannun da ya iya jan layi ya daidaita kusurwa, shi ne dai hannun da ake nema a ajin lissafi da na kimiyya.

Wasu sun rubuto mini cewa yaron zai shagala ya faɗi jarrabawa, wasu kuma sun ce daga zane sai kiɗa, daga kiɗa sai roƙo. Ban ga abin tsayawa amsawa a nan ba, domin yaran da suke kwana a kan wayar hannu ba wanda ya yaga musu komai. Masu kawo batun hukuncin addini kuma su bar wa malamai fagensu, don Malam bai ce fatawa ya bi ba, fushi kawai ya bi.

Ni kaina ma'aikacin ofis ne, yini nake cikin alƙaluma, amma idan na dawo gida na ci abinci, nakan ɗauko ɗan kuntigin da na haɗa da gwangwanin kifi da fatar akuya da tsirkiya guda. Ban iya sosai ba, maƙwabta shaida ne, kuma ban taɓa samun ko sisi da shi ba. Sai dai natsuwar da nake samu a wannan rabin sa'a, wallahi, albashina bai taɓa saya mini irinta ba, kuma haƙurin maimaita karin sauti ɗaya har ya zauna shi ne ya koya mini haƙurin zama da littafi. Ina son yaron nan ya yi karatu mai zurfi fiye da yadda Malam yake so, shi ya sa abin ya ƙona mini rai.

Na saya masa sabon littafi da fensiran launi, na kuma yi masa alkawarin kai shi cikin birnin Zariya ya ga zanen da magina suka yi a bangon tsofaffin gidaje. Gara mu hanzarta ma, domin zuwan da na yi na ƙarshe na tarar an shafe wani zaure da na sani tun ina yaro da siminti, an buga masa ƙofar ƙarfe.