Kafin a miƙa wa mace takardar tambayoyi

Jama'a, akwai wani aiki da masana lafiyar ƙwaƙwalwa ke yi wanda ba ya shiga labarai, amma ni ina ganin ya cancanci yabo. Shi ne gwada takardar tambayoyin da ake gano masu larurar cin abinci da ita, kafin a fara amfani da ita a wata ƙasa, kamar yadda aka yi a Fotugal.

Wannan larura ba iyayi ba ce. Yarinya za ta hana kanta abinci har ƙasusuwan wuyanta su fito, ta tsaya gaban madubi ta ga kanta da ƙiba. Wata kuma ta ci har cikinta ya ɗaure, ta kulle banɗaki, ta tura yatsa a maƙogwaro ta amayar. Anoreksiya, wato larurar hana kai abinci, tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafi kisa, kuma masu ita gwanaye ne wajen ɓoyewa. Shi ya sa likita ke buƙatar tambayoyin da za su tono abin da baki ba ya faɗa.

A 1999 wasu likitoci a Landan suka fito da SCOFF, tambayoyi biyar kacal. Wadda ta amsa e ga biyu, sai a zurfafa bincike a kanta. Ɗaya daga ciki tana tambaya ko kin rame da sama da "stone" ɗaya a wata uku, wani ma'aunin Ingila ne da ya ɗara kilo shida kaɗan. Macen Lisbon, babban birnin Fotugal, da kilo ta saba. Mayar da "stone" kilo gyara ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne maki. Takardar EAT-26 da aka tsara a Toronto a 1982 ta ɗauki maki 20 a matsayin alamar haɗari. Waye ya ce wannan iyaka za ta yi daidai da matan Fotugal, masu nasu salon ci da nasu kallon jiki? Dole a ba matan ƙasar takardar su cika, sannan ƙwararru su zauna da su ido da ido, a kwatanta: marasa lafiya nawa takardar ta kama, nawa suka zille, masu lafiya nawa aka tayar wa hankali a banza.

Irin wannan haƙuri Paulo Machado da abokan aikinsa na Jami'ar Minho da ke Braga suka yi, inda a 2014 suka wallafa ma'aunin makin EDE-Q, wata takardar tambayoyi kan larurar cin abinci, na mutanen Fotugal.

Abin da ke damuna shi ne galibin irin waɗannan gwaje-gwaje a kan mata ake yi, yawanci ɗalibai. Samari ma suna kamuwa, kuma wasunsu ba rama suke nema ba, murɗaɗɗen jiki suke so. Tambayar da aka gina kan tsoron ƙiba za ta iya wuce su ba ta taɓa su ba.