Walimar Awakin Ɗambatta a Bambar Motata

Golf 3 ce motata, ƙirar 1996, 'yar Kwatano. Inji lafiya ƙalau, fenti ba laifi. Amma duk inda Jamusawa suka sa mata baƙar roba, bamba gaba da baya, ƙoƙon madubi, da layin nan da ya bi gefen ƙofofi, ranar Kano ta mayar da shi furu-furu kamar ƙafar yaron da ya tsere wa basilin a tsakiyar hunturu. Ni abin bai dame ni ba. Uwargida ya dama, domin za a ɗaura auren ƙaninta a Ɗambatta, kuma ta gaji da yadda mutane ke ɗaga mana hannu a hanya suna tambayar nawa ne Kazaure.

Bayan la'asar na kai maganar majalisarmu. Nan take kowa ya zama injiniya. Wani ya ce baƙin mai, wani ya ce man takalmi Kiwi, wani ya rantse da man birki. Maƙwabcina, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, ya bari suka gama, sannan ya gyara zama ya ce: "Malam, man gyaɗa. Na ƙuli, ba na kanti ba." Yadda ya faɗe ta a natse ya sa na ji ai wannan ilimi ne.

Daren jajibiri na lallaɓa kicin, na tsiyayi rabin kwalba, na yagi tsohuwar singileti. Jama'a, ku zo ku ga aiki! Duk inda tsumma ya wuce sai robar ta koma baƙa wuluk tana sheƙi. Na haska da fitilar waya, na ja da baya, na sake matsowa. Da safe uwargida ta fito da mayafinta, ta zagaya motar, ta ce: "Maigida, yau kam ka fita kunya." Ta ɗan shinshina, ta ce wai wa ke tuya da sassafe haka. Na ce maƙwabta ne.

Watan Janairu ne, hazo ya sauko sosai. Kafin mu wuce Dawanau na lura madubin gefena ya fara canja launi. Da muka sauka daga kwalta muka hau jar hanyar da ta shiga unguwarsu, sai ƙura ta samu wurin zama. Duk ƙwayar da ta taɓa bambar ba ta sake tashi ba. Muka isa ƙofar gidan surukai da mota mai launi biyu, sama ruwan toka, ƙasa ja wur. Wan matata ya duba ya ce: "Ikon Allah! Sabon yayi ne a birni?"

Ana tsakiyar ɗaurin aure, liman ya ce a yi Fatiha, muka ɗaga hannu. Ta tsakanin yatsuna na hango awaki sun kewaye motar. Uwar garke ta kama bambar gaba tana lasa ido a lumshe, 'ya'yanta sun raba ta baya, wani bunsuru kuwa ya ɗora ƙafafunsa a ƙofar direba yana aiki a kan madubi. Ba dama in tashi, ga surukina a gefena. Na shafa addu'a ina kallo bunsurun ya karya madubin ya bar shi yana lilo da waya. Da muka zo tafiya kuma kiyashi sun yi layi daga taya har ƙarƙashin kujerar uwargida. Abin da aka faɗa mini a hanyar dawowa ba na bugawa ba ne, musamman bayan ta gane man da ta ajiye don dubulan ɗin gara ne.

Na je Ƙofar Ruwa neman madubi, a nan na haɗu da wani dattijo mai fenti. Ya goga yatsa a bambar, ya kai hanci, ya ce: "Alhaji, saura gishiri da yaji." Sannan ya leƙa da ni cikin bambar, ya nuna mini tambarin PP, wato irin robar da aka yi ta da ita. Ya ce hasken rana ne ke cinye fatar robar, ta yi ƙananan tsaga da ido ba ya gani, shi ya sa take fari. Shi mai, cike tsagar kawai yake yi na ɗan lokaci, wanki ɗaya ya tafi. Man birki kuwa fenti yake ci. Masu hura mata zafi da na'ura ma baƙin ba ya daɗewa, kuma hannu na daɗewa wuri ɗaya robar ta lanƙwashe.

Ya sa yaronsa ya wanke ta da omo da burushi har sai da santsin ya fita, ya bi da sifirit, ya manne salatif a bakin fenti. Da ta bushe ya ɗauko rinin roba a 'yar kwalba, ya shafa siriri da soso, ya goge rarar. Ya ce kada ruwa ya taɓa ta sai gobe, in riƙa ajiye ta a inuwa ko in rufe da tampol, kuma in hana masu wankin mota goga mata man sheƙin fenti, don shi ke barin farin zane a roba. Kuɗin aikin da na madubi sun isa su sayi jarkar man gyaɗa, wadda ita ma dai sai da na saya.

Da na ba da labari a majalisa, maƙwabcina ko gezau. Ya ce: "Ɗanye ka shafa, Malam? Haba! Ai soya shi ake yi da albasa tukuna."